Ruwan Wa Ne? Tarihin Ruwan Dauɗa a Bambeye da Ƙasar Adar

Duk wanda ya zauna da tsofaffin Adar ya tambaye su tarihin wani gari, da wuya hira ta yi nisa ba a ambaci rijiya ba. Za su faɗa maka wanda ya fara saran dajin, da inda ya tarar da ruwa, da gaba nawa aka haƙa kafin a cim masa, da shekarar da rijiyar ta ƙafe har mutane suka tashi. Takardun gwamnati ma haka suke: lissafi ne na rijiyoyi da famfuna da tankunan da aka gina. Sai dai wannan rabin labari ne. Ruwan da ya shiga gida dole ya fita, kuma ba ya fita yadda ya shiga. Ya wanke jiki, ya wanke tukunya, ya wanke tsumman jinjiri, ya bi ta makewayi. Ina ya nufa daga nan, kuma wa ke da alhakinsa? Wannan shi ne abin da za mu bi diddiginsa, muna ɗaukar misali da Bambeye, hedikwatar wata ƙaramar hukumar karkara da ke kudu maso yammacin birnin Tawa, domin abin da ya same ta shi ne ya sami yawancin ƙananan garuruwanmu da ba su da kogi kusa.

Zamanin guga da tulu

Adar ƙasa ce ta duwatsu da faƙo, da kwaruruka a tsakaninsu. Ruwan saman da take samu a shekara ba ya cika wuce milimita 400 a wajajen Tawa, kuma kusan dukansa yana sauka ne cikin wata uku. A kwari ruwan ƙasa yana kusa, amma a kan tudu sai an yi haƙa mai nisa. Tun kafin Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar a 1674 ya kafa gidan sarautar da daga baya ya zauna Illela, inda ruwa yake can mutane suke. Wanda ya karanta aikin Farfesa Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa, wanda aka buga a 1975, zai ga yadda zaman jama'a da ƙaurarsu suka rataya a kan yanayin ƙasar.

A irin wannan wuri, ruwan da mace ta ja da guga ta ɗauko a ka ba abin zubarwa ba ne bayan aiki ɗaya. Ƙasarin da aka wanke surfe da shi na awaki ne da saniyar gida. Ruwan wanke-wanke a yayyafa shi a tsakar gida ya kwantar da ƙura, ko a zuba a gindin itace. Ruwan wanka, wanda bai fi ƙwarya ɗaya ko biyu ba, ya bi ta rariyar da aka huda a gindin katanga, kafin ya yi taku biyar rairayi ya shanye shi. Bahaya kuwa a bayan gari ake yinsa, in ban da gidajen sarakuna da malamai da attajirai, inda matan kulle ke da salga a cikin gida, ana zuba mata toka don kashe wari. Marina da majema da mahauta, waɗanda ruwansu ya fi ƙarfi, akan ware musu gefe.

Abin da ya rage sai kududdufi ya karɓa. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsa shi ne matattarar ruwan gari da damina. Da rani ya ƙafe, rana ta gasa laka, manomi ya kwashi abin da ya kwanta ya kai gona. Ba wanda ya tsara wannan a takarda, amma tsari ne, kuma ginshiƙansa biyu ne: ƙarancin ruwan da ake zubarwa, da zafin ranar da ke ƙone abin da aka zubar.

Malamai ma ba su bar zancen ba. Ɗalibin da ya fara littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, da babin tsarki yake farawa, inda ake koya masa cewa ruwan da najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko wari bai halatta a yi tsarki da shi ba. Shari'a kuma ta san hurumin rijiya, wato filin da ke kewaye da ita wanda ba a yin abin da zai cutar da ita a cikinsa. Ke nan tunanin raba ruwa mai tsarki da gurɓatacce ba baƙo ba ne gare mu.

Kada mai karatu ya ɗauka zamanin nan aljanna ce. Tabkin da dabbobi ke sha shi mutane ke sha. Kurkunu yakan kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar damina, lokacin da gona ta fi bukatarsu. Zawo yakan ɗauke yara da yawa kafin yaye. Tsarin ya hana gari nutsewa cikin dauɗarsa, amma bai hana cuta ba.

Zuwan Nasara da dubagari

Faransawa sun shigo Adar a farkon ƙarni na 20, Tawa ta zama mazaunin kumandan. Lokacin da suka zo, ƙasashensu ba su daɗe da fita daga irin wannan matsala ba. A 1854 wani likita mai suna John Snow ya gano cewa kwalarar da ke kashe mutane a wata unguwar London daga famfo guda take fitowa, wanda ruwan masai ya kutsa cikin rijiyarsa. A 1858 warin kogin Thames ya kai ga hana ƴan majalisar Ingila zama lafiya, sai aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanai a ƙarƙashin birnin. A 1894 aka yi dokar da ta tilasta wa gidajen Paris su haɗa makewayansu da magudanar birni. A 1914 kuma, a Manchester, wasu masana biyu, Ardern da Lockett, suka fito da hanyar tace ruwan dauɗa ta hura masa iska domin ƙananan halittu su cinye ƙazantar da ke ciki, hanyar da manyan biranen duniya ke bi har yau.

Wannan dabara ta Turai tana tsaye ne a kan abubuwan da Adar ba ta da su: ruwa mai yawa da zai tura ƙazanta cikin bututu, da kogin da zai karɓi abin da aka tace, da baitulmali mai nauyi. Saboda haka abin da ya iso mana ba magudana ba ce, doka ce. Tun 1904 aka kafa ƙa'idar kiyaye lafiyar jama'a a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, kuma babban abin da ya dami masu mulki shi ne sauro da shawarar da ke kashe Turawa. Daga nan aka sami dubagari, mai shiga gida ya leƙa randa, in ya ga ƴaƴan sauro a ci maigida tara. Share tituna da cike ramuka kuwa da aikin tilas aka yi su, har zuwa lokacin da aka soke shi a 1946.

Abin da wannan zamani ya bari a zukatan mutane ya fi abin da ya bari a ƙasa. Talaka ya fahimci tsaftar gari a matsayin umarnin da ke zuwa da tara, hukuma kuma ta saba da ganin ruwan dauɗa a matsayin laifin maigida, ba aikin da za ta ware wa kuɗi ba. Ko a Kano, inda aka buɗe ruwan famfo daga kogin Challawa a 1931, kafin kusan kowane gari a ƙasar Hausa, ruwan da birnin ya gama amfani da shi rafin Jakara aka bar wa.

Famfo ya zo

Bayan samun ƴancin kai a 1960, neman ruwa ya zama babban aikin ƙasa, kuma da gaskiyarta. A 1963 aka kafa OFEDES domin haƙa rijiyoyin siminti da na burtsatse. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙara wa aikin gaggawa, suka kuma jawo taimakon ƙasashen waje. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 ga ruwan sha da tsaftar muhalli, sai dai a aikace ruwan sha ne ya kwashi kaso mafi tsoka. A 1987 aka cire ruwan birane daga hannun NIGELEC aka ba sabon kamfani, SNE. Gyaran da aka yi a 2000 da 2001 ya raba aikin biyu: SPEN ta riƙe kadarori, SEEN, wadda wani kamfanin Faransa ke da rinjayen hannun jari a cikinta, ta riƙe rarrabawa da karɓar kuɗi. Da yarjejeniyar ta ƙare a ƙarshen 2023, kamfanin gwamnati NDE ya gaje ta daga farkon 2024. A karkara kuwa aka bi ma'aunin mashaya guda ta zamani ga kowane mutum 250, manyan ƙauyuka kuma aka yi musu tanki da ƴan famfuna.

An ga amfanin wannan ƙoƙari. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu. Matan da a da suke kwana a bakin rijiya sun sami sauƙi a wurare da dama. Amma mai karatu ya sake duba jerin sunayen nan. Kowace hukuma a cikinsu aikinta ya ƙare ne a bakin famfo. Ba wadda aka ce mata ta bi ruwan bayan ya fita daga gida.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ɗauki gari mai mutum 5,000, kowa yana samun lita 20 a rana, wato mafi ƙarancin abin da ake ƙiyasta wa mutum. Lita 100,000 ke nan kullum. Injiniyoyi sukan ƙaddara cewa kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ya shiga gida yana komowa waje a gurɓace. Lita 80,000 ke nan, wato tano 400 mai cin lita 200, kowace rana, rani da damina. Rariyar da aka huda domin ƙwarya biyu ba za ta iya da wannan ba.

Wasu sauye-sauyen suka ƙaru a kai. Adarawa mutanen ci-rani ne, Abijan da sauran biranen gaɓar teku sun san su, kuma kuɗin da suke aikowa ya gina gidajen siminti masu ɗakin wanka da masai. Daɓen siminti ba ya shan ruwa kamar rairayi, sai ya tura shi titi. Garin sabulu ya maye gurbin toka, awaki kuwa ba sa shan ruwan kumfa. Leda ta zo ta toshe duk wata hanyar da ruwa zai bi, dokar da ta hana ta a 2014 kuma ba ta kawar da ita daga kasuwa ba. Gari ya faɗaɗa ya haɗiye bayan garin da ake zuwa, aka yanka filaye a bakin kududdufai, wasu ma aka cike su da shara aka yi gini a kai. Kududdufin da ya tsira, tun da yanzu kullum ana zuba masa, ya daina ƙafewa da wuri, sai rana ta rasa damar yin aikinta na da. Ginshiƙan tsohon tsarin duka biyu sun faɗi, ba a kafa wani a madadinsu ba.

Sakamakon yana cikin littattafan asibiti. Kwalara ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta yi wa Nijar mummunar ɓarna a 1971, tun daga nan kuma takan tafi ta dawo. A 2018 ta tashi daga jahar Maraɗi ta taɓa ta Tawa. A 2021 ta kama fiye da mutum 5,000 a faɗin ƙasa, ta kashe fiye da 150. A 2024, shekarar da ambaliya ta shafi mutane sama da miliyan guda, ta sake ɓulla a jahar Tawa, a wajajen Buza da Konni da Madawa. Hanyarta ba ta sauya ba tun zamanin John Snow: ruwan sama ya cika masai, masai ya tumbatsa, abin da ya fito ya gangara rijiya ko tabki.

Doka da magajin gari

Ba a rasa dokoki ba. A 1993 aka yi dokar tsaftar jama'a, wadda ta hana zubar da ruwan dauɗa a kan titi. Akwai dokar ruwa ta 2010. A 2002 aka raba ƙasa zuwa ƙananan hukumomi, Bambeye ta zama ɗaya daga cikinsu, tare da Afala da Barmu da Kalfu da Takanamat da Tebaram a gundumar Tawa, aka kuma zaɓi kansiloli na farko a watan Yulin 2004. Tsaftar gari tana cikin ayyukan da doka ta ɗora wa magajin gari, a 2016 kuma aka ƙara miƙa wa ƙananan hukumomi iko a fannin ruwa da lafiya da ilimi da muhalli. A watan Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun suka naɗa wakilan riƙo. Mai riƙe da kujerar ya sauya, nauyin yana nan inda yake, haka ma ƙarancin kuɗin ɗaukarsa. Ƙaramar hukumar da ke rayuwa a kan harajin kai da na kasuwa, mai ƙauyuka masu yawa a warwatse, idan ta sami ɗan abin hannu aji take ginawa ko rijiya, domin su jama'a ke roƙo, su kuma ake gani.

Inda aka fi motsawa shi ne batun masai. Tun 2009 Nijar ta ɗauki tsarin da Kamal Kar ya fara a Bangladash, wanda ake tara mutanen ƙauye su zagaya su ga inda suke bahaya, su yi lissafin abin da ke komawa bakinsu, su yanke wa kansu shawarar gina masai ba tare da an ba su kuɗi ba. Ƙauyuka da yawa sun amsa. Duk da haka, ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarun nan tana nuna kusan mutum biyu cikin uku a Nijar a fili suke bahaya. Kuma masai ba ƙarshen zance ba ne, domin rami ne, rami kuwa cika yake yi. A birni akan kira motar yashe masai, ta tsotse ta kai bayan gari. A ƙaramin gari akan sami mai yi da shebur da bokiti, sau da yawa cikin dare, ya haƙa wani rami a gindin katanga ya juye. Ko Yamai ba ta da magudanar ƙarƙashin ƙasa da ta game birni, kuma kwarin Gunti Yena ya daɗe yana kai ruwan unguwanni cikin kogin Kwara. Idan haka babban birni yake, ba a sa ran Bambeye ta jira bututu irin na Paris.

Abin da ya dace da ƙasar

Akwai hanyar tace ruwa da ta fi kusa da yanayinmu, kuma duk wanda ya san kududdufi zai gane ta. Tabkuna ne ake haƙawa a jere, a daɓe gindinsu don kada su yoyo. Na farko mai zurfi ne, a nan dauɗa mai nauyi ke kwantawa ta ruɓe. Na biyu ya fi faɗi bai kai shi zurfi ba, a nan gansakuka ke samun rana ta saki iskar da ƙananan halittu ke bukata su cinye sauran ƙazantar. Na ƙarshe marar zurfi ne ƙwarai, hasken rana na ratsa shi ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa yakan yi ƴan makonni a wannan tafiya, ba inji, ba lantarki, ya fito ya isa ban-ruwan itatuwa. Birnin Wagadugu ya buɗe irin wannan a unguwar Kosodo a 2004. Birni kamar Tawa, mai asibitoci da mahauta da barikoki da manyan makarantu, yana da wuraren da ruwansu ya taru wuri guda har ya cancanci irin wannan aiki.

Ga gari kamar Bambeye, abin da ake bukata ya fi haka ƙanƙanta. Ruwan wanka da na wanki ramin tsotsewa yake so a kowane gida, a cika shi da duwatsu, dutse kuwa ba abin saye ba ne a Adar. Masai mai rami biyu yana sauƙaƙa yashewa: in ɗaya ya cika a rufe shi a koma ɗayan, bayan shekara ɗaya ko biyu abin da ke ciki ya bushe ya zama taki. Ruwan da ke malala a bakin famfon unguwa a ja shi zuwa ƴar gadina ko layin itatuwa. A kiyaye tazara tsakanin masai da rijiya, masai kuma ya kasance ta gangare, wanda shi ne hurumin rijiya da malamai suka karantar. Abin da ya rage wa hukuma shi ne ta keɓe fili a bayan gari, nesa da kwari, a yi masa shinge da fangalin shanya, inda mai yashe masai zai kai kayansa da rana tsaka, a san shi, a ba shi safar hannu da takalmi da amalanke, a yanka masa farashi.

Zancen mayar da dauɗa taki ba mafarki ba ne. A Agye, cikin jahar Maraɗi, wajen 2009, manoma sun gwada tara fitsari a jarka, a rufe shi ya yi makonni har ƙwayoyin cuta su mutu, sannan a zuba wa shuka. Suka sa masa suna takin ruwa. Daga baya matan ƙungiyar manoma ta Fuma Gaskiya suka ci gaba da shi da sunan Oga, binciken da aka buga a 2021 kuma ya nuna gonar da aka zuba wa ta fi wadda ba a zuba wa ba da kusan kashi 30 cikin 100 na hatsi. Sauya sunan da aka yi ba wasa ba ne, domin ƙyama ce babban shinge, kuma da harshe aka fara rusa ta.

Adar kuwa ta riga ta nuna ta iya sarrafa ruwa idan ta ɗauke shi nata. Tun daga 1984 aikin Keita ya tara dubban mutane, yawancinsu mata, suka jera duwatsu a kan tuddai suka tare ruwan da ke gudu. A ƙasar Illela, daga ƙarshen shekarun 1980, manoma suka farfaɗo da tassa, ƴan ramukan da ake zuba wa taki su riƙe ruwan sama, har faƙon da aka yafe ya koma gona ana saye da sayarwa. Mutanen da suka iya tare ruwan da ke gangarowa daga dutse ba za su kasa da wanda ke fitowa daga rariya ba.

Hausa tana da wata magana da muke yi kullum ba mu lura da ita ba. Idan mutum zai tsame kansa daga wani al'amari sai ya ce ba ruwana. Shekara ɗari da ƴan kai ke nan ruwan dauɗa yana jin wannan amsa daga kowane ɓangare. Kumandan ya ce na maigida ne. Kamfanin ruwa ya ce aikinsa ya tsaya a famfo. Maigida ya ce da zarar ya wuce katanga ya zama na hukuma, hukuma ta ce ba kuɗi. Matan gida da ke share bakin rariya kowace safiya, da yaran da ke wasa a gefenta, su ne ba su da wanda za su tura wa. Duk ranar da za a sake kafa tanki a wani gari na Adar, ya kamata a cikin takardar aikin, kusa da adadin litar da zai kawo, a rubuta inda za ta bi ta fita da sunan ofishin da zai kula da ita.